Zaɓen 1959: Ƙuri'a Daban, Kujera Daban

Ranar Asabar, 12 ga watan Disamba na shekarar 1959, ita ce rana ta farko da aka ce wa kowane namiji ɗan Arewa da ya kai shekara 21, in dai ya yi rajista, ya fito da ƙafarsa ya zaɓi wanda zai wakilce shi a Majalisar Wakilai ta Ikko, ba tare da kowa ya shiga tsakaninsa da akwati ba. Duk wanda ya zauna a ajin tarihi ya san yadda aka ƙare. Jam'iyyar NPC ta zo ta ɗaya, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, a hannunsa kuma Turawa suka bar ƙasar ranar 1 ga Oktoba, 1960. Wannan shi muke rubuta wa yara a allo, su haddace, su juye mana a takardar jarrabawa. Abin da ba mu cika gaya musu ba shi ne lissafin, alhali kuwa a cikin lissafin ne labarin yake.

To, ga lissafin. Kujeru 312 aka yi takara a kansu. Mutanen da suka yi rajista a duk faɗin ƙasar sun kai kimanin miliyan tara, waɗanda suka jefa ƙuri'a kuwa sun ɗan haura miliyan bakwai. Ƙawancen NCNC ta Dokta Azikiwe da NEPU ta Malam Aminu Kano shi ya fi kowa tara ƙuri'u, wajen miliyan biyu da dubu ɗari shida, amma kujera 89 ya samu, wato 81 na NCNC da 8 na NEPU. Jam'iyyar AG ta Cif Awolowo da ƙawayenta sun tara kusan miliyan biyu, suka sami kujera 73. Ita kuwa NPC, da ƙuri'u kimanin miliyan biyu su ma, kujera 134 ta kwashe. Sauran 16 suka watsu a hannun ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu. Mai karatu ya sake duba waɗannan alƙaluma a tsanake. Jam'iyyu biyu sun yi kusan kunnen doki a yawan ƙuri'a, amma ɗaya ta fi ɗaya da kujera 61, kuma wanda ya fi su duka ƙuri'a shi ne ya zo na biyu da rata mai nisa. Ba a buƙatar a ce an yi aringizo kafin a fahimci wannan. Tun ran gini, ran zane. An gama babban rabin wannan zaɓe shekaru da dama kafin a kafa rumfa ko ɗaya.

Farkon zanen kuwa da bakin Sarkin Zazzau aka yi shi. A watan Janairu na 1950 aka yi babban taro a Ibadan don gyara tsarin mulkin ƙasa, a zamanin Gwamna Macpherson. Da aka zo kan maganar yadda za a raba kujerun majalisar tsakiya, wakilan Kudu suna ganin a yi wa jihohin nan uku, Arewa da Gabas da Yamma, rabon da ba zai bar ɗaya ta rinjayi biyu ba. Sai Sarkin Zazzau Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku ya miƙe, Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo ya mara masa baya, ya nuna cewa matuƙar ba a ba Arewa rabin kujerun ba, to za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar, a koma yadda ake kafin haɗewar 1914. Turawa suka auna maganar, suka ga ba ta wasa ba ce. Tsarin mulkin 1951 ya ba Arewa kujera 68 daga cikin 136 na zaɓaɓɓu, Gabas da Yamma kowacce 34. A zaɓen 1954 aka maimaita rabon, 92 daga cikin 184. Sarki Ja'afaru bai ga zaɓen da muke magana a kai ba, domin a cikin shekarar 1959 ɗin ya rasu, Sarki Muhammadu Aminu ya gaje shi. Amma maganarsa ta Ibadan tana cikin kowane akwati da aka buɗe a wannan Disamba.

A ganina hujjar da Arewa ta kafa a Ibadan hujja ce mai ƙarfi, kuma bai kamata ɗan Arewa ya ji nauyin faɗinta ba. In wakilci na mutane ne, to inda mutane suka fi yawa nan kujeru za su fi yawa. Ƙidayar da aka yi a 1952 zuwa 1953 ta nuna cewa daga cikin mutum miliyan talatin da 'yan kai, kusan miliyan goma sha bakwai a Arewa suke. Saboda haka da aka je taron London na 1957, aka amince a yanka ƙasar zuwa mazaɓu masu wakili ɗaya ɗaya, kowacce da mutum kimanin dubu ɗari, sai rabin ya zama fiye da rabi. Kwamitin Lord Merthyr ya zagaya ya shata iyakoki a 1958. Arewa ta tashi da mazaɓu 174, Gabas 73, Yamma 62, birnin Ikko 3. Wanda zai kafa gwamnati shi kaɗai yana buƙatar kujera 157. Ashe ke nan jam'iyyar da ta iya riƙe Arewa gam ba ta da bukatar ta tsallaka Kwara neman ƙuri'a ko ɗaya, ita kuwa jam'iyyar Kudu, ko da ta share Gabas da Yamma da Ikko tas, 138 za ta tsaya. Wannan shi ya sa Awolowo ya kwaso kuɗi da mutane da jirage ya yo Arewa, shi ya sa kuma NPC ba ta ɓata ƙarfinta a Kudu ba.

Sai dai akwai wani rami a cikin wannan hujja, kuma a cikin gidanmu yake. Da aka zo ƙidaya, an ƙirga mata. Da aka zo yanka mazaɓu, da kawunansu aka cika dubu ɗarin nan. Da aka zo ranar zaɓe, sai aka ce su zauna a gida. Matan Gabas da na Yamma da na Ikko sun jefa ƙuri'a a 1959, matan Arewa kuwa, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, ko ɗaya ba ta jefa ba, domin shugabannin NPC sun tsaya a kan cewa lokaci bai yi ba. Nan ne sirrin farko na alƙaluman can na sama. Arewa mai fiye da rabin jama'ar ƙasa ba ta kai rabin masu rajista ba, tunda rabin manyanta an rufe musu ƙofa. Don haka kujerar Arewa da ƙuri'u kaɗan ake cin ta in an gwada da ta Kudu, ƙuri'ar namijin Arewa kuma ta ɗauki nauyin mutum biyu, nasa da na matarsa, ba tare da an tambayi matar ba. Masu cewa NPC ta ci kujeru da araha sun faɗi gaskiya, amma da yawansu ba sa ƙarasawa su faɗi wanda ya biya kuɗin arahar. A nan Zariya ba mu da uzurin mantawa, domin Hajiya Gambo Sawaba 'yar Sabon Gari ce. Ta shiga NEPU tun tana yarinya, ta jagoranci matan jam'iyyar, ta sha duka da ɗauri sau da yawa a kan wannan magana da makamantanta, kuma ranar 12 ga Disamba ita ma ba ta da takardar jefawa. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, sannan a 1979 suka zaɓi shugaban ƙasa.

Kafin mu shiga rumfar zaɓe, ya kamata a tuna irin zaɓen da talakan Arewa ya saba da shi kafin wannan rana, don a san girman abin da ya canza. A 1951 zaɓe hawa-hawa ne. Masu biyan haraji su taru a unguwa ko ƙauye su fitar da wakilai, sau da yawa ta ɗaga hannu a gaban mai unguwa. Waɗannan su taru a gunduma su fitar da wasu, a yi ta tacewa har a kai matakin lardi. A matakin ƙarshe kuma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen, kashi goma cikin ɗari na masu zaɓen. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta ba kowa mamaki a matakin farko a birane, amma da aka gama tacewa ko kujera ɗaya ba ta fito da ita ba. Tsoron abin da aka gani a wannan mataki na farko ne ya sa aka yi gaggawar mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa jam'iyyar siyasa ranar 1 ga Oktoba, 1951, Sardaunan Sakkwato da Tafawa Ɓalewa suka shigo. Ita wannan jam'iyya kuwa, ƙungiyar 'yan boko ce tun asali, wadda ta tsiro a 1948 daga tarurrukan da aka yi a Zariya da Kaduna. Dokta R.A.B. Dikko na Wusasa shi ne shugabanta na farko, Malam Abubakar Imam na kamfanin Gaskiya da ke Tudun Wada, ba nisa da mu nan Hanwa, yana cikin masu ɗora tubalinta, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano su ma da su aka fara kafin hanya ta rabu. Wato fartanya da tauraro 'yan ɗaki ɗaya ne.

Na ce fartanya da tauraro saboda da alama aka yi zaɓen 1959. Yaƙi da Jahilci bai daɗe da kankama ba, mafi yawan masu zaɓe ba sa karanta boko. Hukumar zaɓe, ƙarƙashin wani Bature mai suna R.E. Wraith, ta tsara cewa kowane ɗan takara yana da akwatinsa, an liƙa masa alamar jam'iyyarsa, an jera su a wani lungu da aka kange. A ba mutum takarda, ya shiga shi kaɗai, ya jefa a akwatin da ransa ya so. NPC tana da fartanya, kirarinta Salama. NEPU tana da tauraro, kirarinta Sawaba. NCNC zakara, AG itacen kwakwar manja. Jama'a kuwa sun fito. A Arewa, daga cikin kowane mutum goma da suka yi rajista, kusan tara sun jefa ƙuri'a, abin da ya zarce na Gabas da na Yamma. A ƙasar da babu kwalta a mafi yawan hanyoyinta, cikin sanyin hunturu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma asirin akwati na minti ɗaya ne, zaman gari kuwa na shekara ne. Wannan shi ne sirri na biyu. A wancan zamani En'e ita ce gwamnatin da talaka ya sani. Ita ke da 'yan doka da dogarai, ita ke da kotunan alƙalai da gidan yari, hakiminta ke yanka haraji da jangali, dagacinta ke raba gona. Manyan ma'aikatanta kuwa, da wakilai da hakimai da magatakarda, su ne mafi yawan 'yan takarar NPC. Jam'iyyar da ke son yin lacca sai ta nemi izini daga wannan hukuma. Ana iya hana ta, ana iya ba ta wuri a bayan gari, ana iya bari ta fara sannan a kama mai magana a kan ya zagi sarki ko ya tayar da hankalin jama'a, a gurfanar da shi gaban alƙali inda lauya ba ya shiga. A Kano har ƙungiyar 'yan dāba aka yi mai suna Mahaukata don tarwatsa taron 'yan Sawaba, su ma 'yan NEPU suka shirya nasu samarin. A 1958 Majalisar Arewa ta yi dokar da ta hana yara ƙanana shiga harkar siyasa, kowa kuwa ya san waƙoƙin wace jam'iyya yara suka fi rerawa a kan titi. Manomin da ya san cewa gobe hakimin nan ne zai zo karɓar haraji, ko an rantse masa cewa babu mai ganin hannunsa a bayan labule, yana da dalilin yin tunani sau biyu. Dattawa da yawa sun tafi da imanin cewa masu mulki suna da hanyar sanin inda kowa ya jefa, kuma ba wanda ya wahalar da kansa wajen cire musu wannan imani.

Duk da haka, wanda ya ce tsoro ne kaɗai ya ba NPC nasara bai yi wa tarihi adalci ba. Daga cikin kowace ƙuri'a goma da aka jefa a Arewa, kimanin shida nata ne, kuma mutane da yawa da zuciya ɗaya suka ba ta. Ba a manta da 1953 ba, lokacin da wakilan Arewa suka ƙi goyon bayan ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, aka yi musu ihu a Ikko, abin da ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu na wannan shekara. Ɗan Arewa da ya shiga ofishin jirgin ƙasa ko gidan waya a Sabon Gari ya ga waɗanda ke zaune a kan kujerun, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan manufar Sardauna ta fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati. Ranar 15 ga Maris, 1959, Jihar Arewa ta sami mulkin kanta, Sardauna yana Firimiya, wata tara kacal kafin zaɓe. NEPU kuwa, tunda ƙawancenta da NCNC yake, sai aka sami sandar dukanta, ana cewa karen farautar 'yan Kudu ce. Shi ma Awolowo ya taimaki abokan hamayyarsa ba da niyya ba. Ya zo da jirage masu saukar ungulu suna sauka a ƙauyuka, da jirgin da ke rubutu da hayaƙi a sararin sama, da lauyoyi masu bin magoya bayansa kotu, da alkawarin ilmi kyauta da sababbin jihohi ga ƙananan ƙabilu. Jama'a sun yi dafifi kallon jirgi, amma kallo daban, ƙuri'a daban. Abin da ya jawo shi ne Sardauna, wanda bai saba roƙon talaka ba, dole ya fito ya bi ƙauyuka cikin ƙura, kuma bai taɓa yafe wa Awolowo wannan ba.

Yanzu sai sirri na uku, wanda ya fi ba ni takaici a matsayina na mai koyarwa, don ɗalibi ɗan aji uku zai iya lissafa shi amma ba a sa shi. Tsarin da muka gada daga Ingila ya ce a kowace mazaɓa wanda ya fi ƙuri'a, ko da ɗaya ce, shi ke ɗaukar kujera, ƙuri'un sauran kuma sun bi ruwa. NEPU ta tara ƙuri'a sama da rabin miliyan, ta sami kujera 8. A raba a gani, kowace kujerarta ta ci ƙuri'a fiye da dubu sittin. Kujerar NPC kuwa kimanin dubu goma sha biyar ta ci. Ga wani abin da ya fi wannan ban mamaki. AG da ƙawarta UMBC ta Joseph Tarka sun sami ƙuri'un Arewa kusan daidai da na NEPU, amma kujera 25 suka ci. Dalili shi ne magoya bayansu a dunƙule suke, a ƙasar Tibi da Filato da sassan Adamawa, da wurare irin kudancin lardin Zazzau inda jama'a suka daɗe suna kukan mulkin hakiman da ake turo musu. Su kuwa 'yan NEPU a warwatse suke cikin ƙasar sarakuna, teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure da ƙananan 'yan kasuwa, ko'ina akwai su, amma a wurare kaɗan ne suka kai rinjaye. Sun yi ta zuwa na biyu, na biyu kuwa ba shi da kujera. Da a ce an raba kujerun Arewa 174 gwargwadon yawan ƙuri'a, da NEPU ta doshi kujera talatin, da NPC ba ta wuce ɗari da 'yan kai ba, da kuwa cinikin da aka yi a Ikko bayan zaɓe ya sha bamban.

Don a ga cewa ba haka Allah ya halicci zaɓe ba, mutane ne ke tsara shi, bari mu leƙa wata ƙasa da ta riga mu fita daga hannun 'yan mulkin mallaka. Tsibiran Filifin, can gabashin Asiya, sun sami 'yanci daga Amurka a 1946, suka kuma gaji tsarinta na shugaban ƙasa. Zaɓensu na 1949, wanda ya bar Elpidio Quirino a kan mulki, ya yi ƙaurin suna wajen maguɗi da zubar da jini, har ya sa wasu 'yan ƙasar suka kafa ƙungiyar sa ido mai suna NAMFREL a 1951. Ranar 10 ga Nuwamba, 1953, suka sake fita zaɓen shugaba da 'yan majalisa a rana ɗaya. Ramon Magsaysay, wanda ya yi wa Quirino ministan tsaro kafin su ɓata, ya tsaya a jam'iyyar Nacionalista, da goyon bayan Amurkawa a fili da ɓoye, ya bi ƙauyuka yana gaisawa da manoma hannu da hannu. Ya sami ƙuri'a kusan miliyan uku, Quirino miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, wato kusan bakwai cikin kowace goma. Jam'iyyar shugaba mai ci ba ta sami ko ɗaya daga kujeru takwas na Majalisar Dattawa da aka yi takara a kansu ba, aka kuma miƙa mulki lami lafiya. Abin lura a nan shi ne, a zaɓen shugaban nasu ƙasar gaba ɗaya mazaɓa ɗaya ce. Ƙuri'ar mutumin da ɗan takararsa ya sha kaye a lardinsa ba ta mutu ba, ana zuba ta a buhu ɗaya da ta sauran 'yan ƙasa. Da irin wannan awo aka yi mana a 1959, da ƙuri'ar telan Tudun Wada da ya jefa wa tauraro ta yi nauyi ɗaya da ta kowa. Sai dai kada a ɗauka nasu ya tsarkaka. Matansu suna zaɓe tun 1937, amma tsarin mulkinsu ya hana wanda bai iya karatu da rubutu ba, don haka miliyoyin talakawan karkara suna waje. Su sun rufe ƙofa da alƙalami, mu mun rufe da ɗankwali. Mu ma daga baya mun koma tsarin shugaban ƙasa a 1979, sai ga shi zaɓen farko ya ƙare a Kotun Ƙoli a kan wani lissafin, wato nawa ne kashi biyu cikin uku na jihohi 19.

Mu koma Ikko, cikin makon da ya biyo bayan zaɓe. NPC tana da 134, saura 23 ta kai 157. Ko da 'yan takara masu zaman kansu da ƙananan jam'iyyu suka yi ta komawa cikinta har ta kai 148, ba ta isa ba. A ɗaya ɓangaren, in aka haɗa 89 na ƙawancen NCNC da NEPU da 73 na AG, an sami 162, wato sun isa su kafa gwamnati su bar NPC a kujerar adawa. Awolowo ya aika wa Azikiwe cewa ya yarda ya yi aiki a ƙarƙashinsa. A lura kuma, in aka cire kujeru takwas na NEPU daga wannan 162, saura 154, ba su kai ba. Ashe 'yan kujerun nan da ake rainawa suna da nauyi a ma'auni. Amma Gwamna Janar Sir James Robertson bai jira an gama ciniki ba, tun sakamako bai kammala fitowa ba ya kira Tafawa Ɓalewa ya ce ya kafa gwamnati. Tunaninsa shi ne gwamnatin Kudu zalla za ta iya sa Arewa ta ɓalle, wato maganar Ibadan ta 1950 ta sake dawowa. Su ma manyan NCNC ba su manta da abin da ya faru a Majalisar Yamma bayan zaɓen 1951 ba, inda suke ganin AG ta janye musu mutane ta hana Azikiwe jagorancin jihar. Suka zaɓi NPC. Aka raba muƙaman minista, NPC goma, NCNC bakwai. Azikiwe ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, daga baya a watan Nuwamba na 1960 ya zama Gwamna Janar. Awolowo, wanda ya bar kujerar Firimiyan Yamma ga Cif Akintola don neman ta tarayya, ya zama madugun 'yan adawa. Sardauna, shugaban jam'iyyar da ta yi nasara, ko takara bai tsaya ba, ya yi zamansa a Kaduna.

Tunda mujallarmu ta marubuta ce, bari in ɗan ratse. Duba sunayen da suka shiga wannan majalisa daga Arewa. Firayim Minista shi ne mai littafin Shaihu Umar. Malam Nuhu Bamalli na Zariya, tsohon ma'aikacin Gaskiya, mai Mungo Park Mabuɗin Kwara da Bala da Babiya, shi kuma ya kai ga riƙe ma'aikatar harkokin waje. Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta mai Waƙar Nijeriya, yana ciki. Malam Aminu Kano marubucin wasan kwaikwayo ne. A waje kuma alƙaluman su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu ne suka ɗauki saƙon Sawaba zuwa inda jarida ba ta kai, Sa'adu Zungur kuwa ya rasu a 1958, saura kaɗan ya gani. Mutanen da suka yi wannan zaɓe 'yan sana'armu ne. Amma in ka nemi cikakken bayanin abin da ya faru mazaɓa bayan mazaɓa, littafin da za a miƙo maka na wani Bature ne, K.W.J. Post, wanda ya fito a 1963 da Turanci. Tsofaffin da suka tsaya a layi ran nan sun kusa ƙarewa, wanda ya jefa ƙuri'a yana ɗan shekara 21 an haife shi ne a 1938.

Wanda wannan ciniki na Ikko ya fi jefawa cikin tsaka mai wuya shi ne Malam Aminu Kano. Ya sha kaye a hannun Malam Maitama Sule a 1954, sai a wannan karon ya ci kujerar Kano ta Gabas. Amma tunda ƙawarsa NCNC ta shiga gwamnati, sai ya wayi gari a ɓangaren gwamnatin da NPC ke jagoranta, har aka ba shi muƙamin mataimakin mai tsawatarwa na majalisa. A Ikko yana zaune layi ɗaya da mutanen da, a gida, 'yan dokarsu ke kama magoya bayansa. Talakan da ya sha ɗauri saboda tauraro ya kasa gane wannan, 'yan fartanya kuwa suka sami abin gori. A zaɓen Majalisar Arewa na watan Mayu, 1961, NPC ta ci kujera 160 daga 170, AG 9, NEPU guda ɗaya tak.

'Yan siyasar Kudu su ma sun zauna sun yi nasu lissafin, suka gano cewa jirgin sama da lacca ba za su karya 174 ba, sai dai a canza alƙaluman da suka haife ta. Daga nan ƙidayar jama'a ta zama filin daga. An yi ta 1962, rigima ta sa aka soke. Aka sake a 1963, aka ce ƙasar tana da mutum miliyan 55 da dubu ɗari shida, kusan miliyan 30 a Arewa, Firimiyan Gabas Dokta Michael Okpara ya ce bai yarda ba, ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba. Da sabon rabo Arewa ta koma kujera 167 daga 312, har yanzu dai sama da rabi. A zaɓen Disamba na 1964, wanda ƙawancen NCNC da AG da NEPU da UMBC ya ƙaurace wa a wurare da dama, NPC ta kwashe 162 daga cikinsu, da yawa ba tare da hamayya ba, Malam Aminu Kano kuma ya rasa kujerarsa ta Kano.